Furfura da rinin gashi: yadda za ki zaɓi kala idan shekaru sun fara ja

Ranar da mace ta ga furfura ta fara yawa a gaban goshinta, abin da ta fi yi shi ne ta samo dayis mafi baƙi ta lafta wa kan gaba ɗaya tun daga tushe har jela, ta wanke ta duba madubi ta ji daɗi. Sati uku kawai sai ga wani farin layi ya fito a tsaga kamar an ja shi da alli, kuma saboda baƙin ya yi baƙi da yawa farin sai ya fi fitowa fiye da lokacin da ba a rina ba ma. Daga nan an shiga kenan, duk wata sai an sake, gashi yana ta bushewa yana karyewa, ita kuma tana ganin laifin dayis ɗin ne bai da kyau. Alhali matsalar tun wajen zaɓen kala aka samo ta. Kalar da ta yi miki kyau kina shekara 25 ba lallai ta yi miki kyau kina 50 ba, don gashin ya canza, fatar fuska ma ta canza, kuma yawan furfurar shi ne zai faɗa miki irin rinin da ya dace, ba hoton matar da ke jikin kwali ba.

Me ke faruwa a cikin gashin

A gindin kowane silin gashi, can ƙarƙashin fata, akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne zuba wa gashi launi yayin da yake tsirowa, launin nan shi ake kira melanin, akwai mai ba da baƙi da ruwan ƙasa akwai kuma mai ba da ja da rawaya. Da shekaru suka ja sai ƙwayoyin nan su fara ƙarewa, gashin ya ci gaba da fitowa amma ba launi. Wato silin da ya riga ya fito baƙi ba ya komawa fari a tsakiyar hanya, sabon toho ne ke fitowa fari daga tushe. Abin da ido ke gani ruwan toka kuwa farin ne ya cakuɗa da baƙi.

Lokacin da take farawa galibi gado ne, ki dubi iyayenki za ki gane naki. A matsakaici Turawa suna fara gani a tsakiyar shekaru 30, mutanen Asiya a ƙarshen 30, baƙar fata kuma wajen tsakiyar 40. An daɗe ana cewa wai rabin mutane rabin kansu furfura ne a shekara 50, amma wani bincike da masanan kamfanin L'Oréal suka fitar a 2012 bayan sun duba kan mutum sama da 4,000 ya nuna abin bai kai haka ba, tsakanin kashi 6 zuwa 23 cikin ɗari ne, ya danganta da asalin mutum da launin gashinsa. Maganar damuwa tana kawo furfura ma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, a 2020 masana a jami'ar Harvard sun nuna a jikin ɓeraye yadda tsananin tashin hankali ke ƙarar da ƙwayoyin launin nan. Shan taba ma yana da alaƙa da furfurar wuri. Idan kuwa taki ta zo miki da yawa kina ƙasa da 30, ko ta fito a waje ɗaya fari fat har da fatar wajen, to kafin dayis ki fara ganin likita, ƙarancin bitamin B12 da matsalar tayirod (ƙullin nan da ke gaban wuya wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo) da ciwon da ke sa fata fari-fari duk suna iya kawo ta.

Wani abu kuma, furfura tana da taurin kai. Da yawa za ki ji silinta ya fi tauri, ga bushewa don fatar kai tana rage fitar da mai idan an manyanta, musamman bayan ɗaukewar al'ada, lokacin ne ma gashi ke sirancewa ya rage cika. Shi ya sa za ki ga dayis ya kama ko'ina tsaf amma 'yan na gefen kunnen nan sun fito suna ƙyalli abinsu.

Mataki na farko, ki san yawanta

Ki wanke kai ki bari ya bushe, kar ki shafa mai, ki je wajen hasken rana ba na ƙwan lantarki ba, ki tsaga gashin a waje uku ko huɗu: gaban goshi, gefen kunne, tsakiyar kai da ƙeya, ki sa wani ya ɗaukar miki hoton bayan da waya tunda ba gani za ki yi ba. Tushe za ki duba, kamar tsawon gaɓar yatsa daga fata. A cikin sili goma nawa ne fari? Idan biyu ne ko uku kina wajen kashi 25 kenan, idan biyar rabi, idan bakwai ko takwas to fari ya rinjaya.

Yawancin mutane idan suka yi wannan sai su ga ashe gaba ne kawai ya yi fari, ƙeya tana nan baƙa ƙirin. To kin ga ba dalilin da zai sa ki dinga zuba wa kai gaba ɗaya sinadari mai ƙarfi saboda 'yar furfurar da ba ta wuce faɗin yatsu biyu ba a goshi.

Mataki na biyu, irin rinin

Akwai na wucin gadi wanda wanki ɗaya ke fitar da shi, irin su feshi da hoda da wani mai kama da maskara da ake gogawa a tushe. Wannan na ranar fita ne ko na cike gurbi kafin lokacin rini ya yi, ki dai sani yana iya ɓata matashi da abin ɗaura kai idan aka yi gumi.

Akwai wanda ba a haɗa shi da komai, daga kwalba sai kai, yana zama ne a bayan silin gashi ya dinga fita a hankali cikin wanki shida zuwa goma sha biyu. Ba ya rufe furfura ruf, yana dai dusashe haskenta. Ga mai 'yan ƙalilan ya isa.

Sai na tsakiya, wanda ake haɗawa da ruwan haɗi mara ƙarfi, wato ruwan da ake kwaɓa dayis da shi, kuma yawanci ba amoniya a ciki, yana kai wanki 20 zuwa 28. Ni a ganina wannan ne aka fi raina wa hankali alhali shi ya fi dacewa da mai furfura daga kashi 25 har kusan rabi. Dalili kuwa yana koɗewa ne a hankali, so ba ki samun wancan kaifin layin tsakanin fari da baƙi, furfurar kuma sai ta ɗauki kalar da ɗan haske fiye da sauran gashin, kai ya fito kamar na Allah da Annabi ba a taɓa shi ba.

Na ƙarshe shi ne na dindindin, wanda amoniya ko makamancinta ke buɗe ɓawon gashi, feroksaid kuma, wato sinadarin da ke cikin ruwan haɗi, ya sa launin ya haɗu a cikin silin ya zauna daram. A cikin huɗun nan shi kaɗai ne ke rufe furfura ɗari bisa ɗari, kuma idan fari ya wuce rabi kina son a rufe shi gaba ɗaya ba ki da wani zaɓin a cikinsu. Amma fa ba ya fita, sai dai gashi ya tsiro ya bar shi, kuma gashi yana tsawon kamar santimita 1 a wata, kenan duk sati huɗu zuwa shida tushe zai nemi gyara. Ki tambayi kanki tsakani da Allah ko za ki iya wannan hidimar shekara da shekaru kafin ki fara.

Mataki na uku, kala, nan ne ake yin ɓarna

A jikin kwali ko bututun akwai lamba, ita za ki karanta ba sunan da aka raɗa wa kalar ba. Lambar farko tana nuna duhu ne daga 1 zuwa 10. 1 baƙi wuluk, 2 da 3 ruwan ƙasa mai duhu sosai wanda ido ke gani baƙi, 4 ruwan ƙasa na tsakiya, 5 mai haske, daga 6 zuwa sama an fara shiga kalar gashin Turawa. Lambar da ke bayan ɗigo ko harafin da ke biye shi ne yanayin kalar, 0 ko N na nufin kalar asali ba gauraye, a tsarin kamfanoni da yawa 1 mai sirkin toka ne, 3 mai ruwan zinare, 4 mai ruwan jan ƙarfe, 6 ja. Kamfani da kamfani suna ɗan bambanta a nan so ki duba takardarsu.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne yawancin masu cewa gashinsu baƙi ne, in aka sa shi a rana za a ga 2 ne ko 3, akwai ɗan ruwan ƙasa a ciki, kuma silin ba duka kalarsu ɗaya ba. Lamba 1, balle wanda aka sa wa sirkin shuɗi, kala ce guda ɗaya daskararriya wadda ba ta barin haske ya yi wasa a cikin gashi. A fuskar yarinya yana wucewa. A fuskar da ta fara samun layuka a goshi da gefen baki da duhu a ƙasan ido kuwa sai ya zama kamar an ja wa waɗannan layi a ƙasa, duk ya fito da su, kuma idan gashin gaba ya fara sirancewa fatar kai ta dinga haskowa ta cikin baƙin. Wallahi sau da yawa tsufan da ake gudu baƙin nan ne ke ƙara fito da shi, daga nesa ma an san rini ne.

Don haka ki ɗaga da lamba ɗaya ko biyu daga yadda gashinki yake lokacin ƙuruciya. In kina ganin naki baƙi ne ki ɗauki 3, in furfura ta yi yawa ki je 4. Kar ki ji tsoron kalmar ruwan ƙasa a jikin kwali, dayis ɗin gida kusan kullum yana fitowa da duhu fiye da hoton, kuma a kan gashin da yake baƙi tun asali 3 ba zai nuna wani ja ba. In ma kina shakka tsakanin biyu ɗauki mai hasken, saboda wanda ya yi haske ana iya ƙara masa duhu gobe, amma wanda ya yi baƙi dayis ba ya ɗaga dayis, sai an sa bilic, wato sinadarin da ke cinye launin gashi ya haskaka shi, ko maganin cire kala, kuma gashin da ya manyanta ba ya jure wannan wahalar.

Sai maganar sirki. Farin gashi ba komai a cikinsa, duk abin da kika zuba shi zai nuna tsantsarsa. Kika sa ja zalla a kan da rabinsa furfura ne, baƙin zai ɗan yi ja kaɗan, farin kuma ya fito jazur ko ma ruwan hoda. Kika sa mai sirkin toka zalla sai ya fito wani dishi-dishi har da alamar kore. Abin da masu gyaran gashi ke yi shi ne su gauraya kalar da ake so da ta asali mai N ko 0 a lamba ɗaya, in furfura rabi ce rabi da rabi, in ta fi haka a rinjayar da ta asalin. Wasu kamfanonin suna da NN ko 00, an yi shi ne musamman don furfura mai gardama, sai dai yana fitowa da ɗan duhu fiye da lambarsa. Kuma kar ki haɗa na kamfani biyu a kwano ɗaya.

Ga fata kuwa, ɗan ɗumi a kala, irin ruwan makuba ko ruwan zuma mai duhu, yana dawo wa fuska da haske idan ta fara dusashewa, ko fatar mai duhu ce ko mai haske. In fuskarki mai saurin yin ja ce ki rage jan. Wata dabarar kuma ita ce a sa wa gaban goshi kala mai haske da lamba ɗaya fiye da sauran kan, tunda gashin wajen siriri ne yana shan dayis da yawa ya yi duhu, kuma nan ne furfura ke fara dawowa.

Mataki na huɗu, gwaji, kuma ba a tsallake shi

Yawancin dayis na dindindin, musamman masu duhu, suna da wani sinadari PPD ko ɗan uwansa, kuma shi ne kan gaba wajen sa mutane borin jiki. A Tarayyar Turai doka ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari ba bayan an haɗa, kuma ana rubuta cewa ba na 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne. Abin da ke yaudarar mutane shi ne sai mace ta shekara goma tana amfani da shi lafiya lau, rana ɗaya jiki ya ƙi, fuska ta kumbura ido ya rufe, fatar kai ta dinga tsattsafo da ruwa. Kuma in jiki ya fara ƙi to ya ƙi kenan har abada. Wadda aka taɓa yi wa zane a fata da baƙin lalle wajen ya yi ƙuraje ko ya tashi, ta ɗauka tana cikin haɗari sosai, don abin da ake kira baƙin lalle yawanci PPD ne aka zuba a ciki.

Awa 48 kafin rini ki shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu yadda takardar cikin kwalin ta ce, ki bar shi. Ƙaiƙayi, ja, kumburi, zafi, ko ɗaya kika gani ki haƙura da shi. Duk lokacin da za ki yi rini za ki sake, ba sau ɗaya ba. In kuma kina cikin rini kika ji numfashi na miki wuya ko leɓe da harshe na kumbura, ki wanke nan take a wuce asibiti. Rubutun "babu amoniya" a kwali ba ya nufin babu PPD, ki juya baya ki karanta. Kan da ke da ciwo ko ƙuraje ko aka sosa ya fashe, a jira ya warke.

A ranar gwajin nan ki yanko 'yan sili daga inda furfura ta fi yawa, ki ɗaure su da zare ki rina su, ki ga kalar da idonki kafin ta hau kanki.

Mataki na biyar, shafawa

Kar ki wanke kai a ranar, ki bar kwana ɗaya ko biyu don man fatar kai ya kare ki daga zafi, amma kuma kar ya zama kan cike yake da man shafawa mai kauri ko jel ko feshin rufe furfura, waɗannan suna hana dayis shiga. In kin kwance kitso ne ki taje a hankali ki ba fatar kwana biyu ta huta.

Ki tanadi kwanon roba ko na gilas, ba na ƙarfe ba, da burushin shafawa, safar hannu, matsefi mai tsinke, abin kama gashi, tsohuwar riga da agogo. Ki shafa basilin a fatar goshi da kunne da ƙeya, amma ki kula kar ya taɓa gashin, duk silin da basilin ya taɓa ba zai kama ba, kuma na gaban nan su ne kike son su kama.

Ruwan haɗi yana da lamba shi ma, 10 kashi 3 ne na feroksaid, 20 kashi 6, 30 kashi 9, 40 kashi 12. Na rufe furfura da dayis na dindindin shi ne 20. Wasu suna ɗauka in suka sa 30 ko 40 zai fi kamawa, a'a, waɗannan na ɗaga kala ne zuwa haske, furfurar za ta fito shara-shara gashin kuma ya ƙone a banza. Ki auna daidai yadda aka rubuta, wani ɗaya da ɗaya ne wani ɗaya da ɗaya da rabi, kuma da kin haɗa ki fara aiki don yana fara mutuwa tun a kwano. Ragowar da aka haɗa zubarwa ake yi, kar ki rufe shi a kwalba, yana iya kumbura ya fashe.

Ki raba kan gida huɗu. Ki fara da inda fari ya fi yawa, gaban goshi da gefen kunne da tsaga, don su fi daɗewa da dayis a jikinsu. Tsaga sirara za ki dinga yi, wadda ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba, ki ɗora dayis ɗin a tushe da kauri, ɗorawa fa ba gogewa ba, har sai kin daina hango farin ta ciki. Mafi yawan furfurar da ke ƙin kamawa rowar dayis ce ta jawo. 'Yan gajerun nan na gefen kunne da ke miƙewa tsaye suna fita daga cikin dayis ɗin su bushe a iska, in kin gama ko'ina ki dawo kansu ki ƙara, ki danna su su kwanta, wasu ma suna ɗora 'yar takarda ko leda a kai don su zauna a ciki.

Lokaci daga sanda kika gama shafawa ake fara ƙirga shi, kuma ki cika shi, in an ce minti 35 zuwa 45 ga furfura mai tauri to 45 ɗin. Kika wanke da wuri launin bai gama haɗuwa ba, wanki biyu zai koɗe. Wuce lokacin kuma ba ya ƙara komai sai bushewa.

In ba yau kika fara ba, tushe kawai za ki shafa wa. Jan dayis na dindindin har jela duk wata shi ke sa ƙarshen gashi ya yi baƙi ƙirin ya bushe ya dinga karyewa yayin da tushe ke da haske. In jelar ta koɗe, minti biyar na ƙarshe ya ishe ta, ko ki yi mata da na tsakiyan nan mara amoniya. Wajen wanki ki ɗan zuba ruwa mai ɗumi ki murza a hankali, dayis ɗin da kansa zai ɗaga tabon da ya yi a fata, ki ɗauraye har ruwa ya fita fes sannan kwandishana.

In kina sa rilaksa

Rilaksa da dayis na dindindin a rana ɗaya hanya ce ta tsinke gashi. Rilaksa ake fara yi, a jira aƙalla sati biyu, a yi wanki da kwandishana mai ratsa gashi a tsakani, sannan rini. Gashin da aka sa wa rilaksa yana shan kala da sauri kuma yana yin duhu fiye da yadda ake zato, wani dalilin kenan na ɗaukar lamba mai haske. Bilic a kan rilaksa kuwa ni ba zan ba kowa shawara ba, balle bayan shekara 50. In gashin ya riga ya yi rauni ki zaɓi ɗaya a cikin biyun.

Lalle da baba

Ga wadda jikinta ya ƙi PPD ko take gudun sinadari, lalle zalla yana kama furfura sosai, launinsa yana manne wa gashin ne kuma ba ya fita. Sai dai kala ɗaya gare shi, a kan farin gashi ruwan lemo zai ba ki, ranar farko ma har da ƙyalli, bayan kwana biyu zuwa uku ya ɗan lafa ya koma ja mai duhu, in ana maimaitawa yana ƙara nuna. Mai 'yar furfura kaɗan sai ta fito mata kamar an yi ado da jan zare a cikin baƙi. Mai fari da yawa a goshi kuwa gaban kan gaba ɗaya zai yi ja, wasu suna so wasu ba sa so.

In ana son duhu sai a haɗa da garin baba, ganyen nan da ake rinin shuɗi da shi. Ana kwaɓa lalle a bar shi wasu awanni ya saki launi, a shafa ya yi awa biyu zuwa huɗu a rufe da leda, a wanke, sannan a kwaɓa baba da ruwan ɗumi a shafa nan take don shi ba ya jira, ya yi kamar awa ɗaya zuwa biyu. Wannan bi da bi ɗin shi ke ba da kusan baƙi. In aka gauraya su a kwaɓi ɗaya ruwan ƙasa ake samu. Baba shi kaɗai a kan fari shuɗi-shuɗi ko kore zai ba ki, dole lalle ya riga shi. Ki lura da garin, lalle na gaskiya kore ne mai ƙamshin ganye kuma yana ɗaukar awanni, duk wanda aka ce yana baƙanta gashi cikin minti 20 akwai abin da aka zuba masa. Wasu ma ana sa musu gishirin ƙarfe wanda in ya haɗu da feroksaid daga baya gashi na iya yin zafi ya lalace, so in za ki koma dayis bayan lalle ki gaya wa mai yi miki, a gwada a 'yan sili tukun. Baba kuma in aka sa masa bilic kore yake komawa.

Maza da gemu

Malam, kai naka ya fi saurin tonuwa don gashin gajere ne, sati biyu fari ya leƙo. Gemu baƙi siɗik a fuskar ɗan shekara 60 ga gira da saje sun yi fari, ba wanda zai ruɗu. Ka ɗauki mai haske da lamba ɗaya ko biyu, ka rage lokacin a karon farko, ka bar 'yar furfura a saje da haɓa, an fi ganin mutum da ƙuruciya a haka. Fatar fuska ta fi ta kai saurin yin bori saboda haka gwajin awa 48 ya fi zama dole a kanka, kuma kar ka yi gyaran fuska da reza a ranar. Akwai irin wanda ake shafawa kullum yana baƙanta gashi a hankali, a da da sinadarin dalma ake yin wasunsu, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana shi daga 2022, ka duba abin da ke cikin naka.

Gira da gashin ido kuwa, mace ko namiji, kar a kusance su da dayis ɗin kai, kar garin neman gira a rasa ido. A shekarun 1930 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata a Amurka, kuma PPD ɗin nan na dayis ne a cikinsa. Fensirin gira ya wadatar.

Tsakanin rini da rini, da ranar da kika gaji

Ki rage yawan wanki, ki bar ruwa mai zafi sosai, ki dage da kwandishana da ɗan mai a jela. Rana da ruwan wanka mai kulorin da abin miƙar da gashi mai zafi duk suna cin kala. Sati na uku in layi ya fara fitowa ki canza wajen tsaga ko ki sa hoda ko feshin tushe, zai ƙara miki sati ɗaya ko biyu. Tsige furfura ba ya sa goma su fito a madadinta, kowane rami sili nasa yake fitarwa, amma yawan tsigewa yana kashe ramin, kuma wajen da ba gashi ya fi fari wuyar ɓoyewa.

In fari ya kai kashi 75 ko fiye, rufe shi da duhu ya zama aikin kowane sati uku, a nan ne ya kamata ki fara ɗaga lamba a hankali, daga 3 zuwa 4, bayan wasu watanni 5, a tushe kawai, ko ki sauka daga na dindindin ki koma na tsakiya don layin ya yi laushi. Wadda ta yanke shawarar barin rini gaba ɗaya kuma lissafin mai sauƙi ne, santimita 1 a wata, gashin da ya kai kafaɗa zai ci shekara biyu ko fiye kafin tsohon dayis ya fita, sai dai in za a dinga datse jela ko a yi aski gajere a huta. Watanni uku zuwa shida na farko su ne masu wuya. A salun suna iya ɗaga wasu sili-sili zuwa haske don a ɓata iyakar da ke tsakanin fari da baƙi, amma wannan aikin bilic ne, ba na yi da kanki a gida ba. Farin gashi kuma yana yin rawaya saboda rana da hayaƙi da zafin abin gyaran gashi da wasu mayukan masu kala, shamfu mai launin shunayya sau ɗaya a sati yana kashe rawayar, minti uku zuwa biyar ki wanke, in ya daɗe gashin zai ɗauki shuɗi-shuɗi kuma yana busarwa, so ki bi shi da kwandishana.